Yadda Ake Haɗa Filashin Girka Windows Domin Kwamfutocin Ofis

Filashin da za a girka Windows da shi a kan kwamfuta goma sha biyar ko ashirin kamar irin shinkafa yake: idan da gauraye a cikin iri, fadamar duka sai ta nuna. Fayil ɗaya da ya lalace, ko direba ɗaya (ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane wani sashe na na'ura) da aka manta, zai maimaita kansa a kan kowace na'ura. Saboda haka mafi yawan aikin yana wajen shirya filashin da gwada shi a kan kwamfuta ɗaya tak, kafin a taɓa sauran.

Fara da sanin abin da ke ofishin

Ka ɗauki takarda ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Yawancin ofisoshinmu a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri cike suke da tokumbo iri-iri: HP ProDesk nan, Dell OptiPlex can, Lenovo ThinkCentre a ofishin akanta, kowace da shekarunta. A kan kowace ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32. Abin da za ka kwafa a takarda shi ne samfurin na'urar, nau'in firosesa, yawan RAM, da abin da aka rubuta a gaban "BIOS Mode", wato UEFI (sabon tsarin tashin kwamfuta) ko Legacy (tsohon tsari). Sai ka sake buɗe wannan akwati ka rubuta tpm.msc don ganin ko akwai TPM, wato sashen tsaro da ke cikin na'urar, kuma wane ne.

Dalilin wannan ƙidaya shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, wanda na kamfanoni ya fara daga dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko. Windows 11 kuma, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: TPM 2.0, UEFI mai iya Secure Boot, RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, da firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Lambar firosesa tana faɗa maka zubinta: i5-8500 na takwas ce, ta shiga; i5-6500 na shida ce, ba ta cikin jerin. Game da RAM, 4GB ɗin nan a takarda ne kawai yake isa. Ma'aikacin da zai buɗe Excel da Chrome lokaci guda yana bukatar 8GB, kuma idan na'urar tsohon faifai mai juyawa take amfani da shi, sayen SSD mai 256GB ya fi duk wata dabara da za ka yi da manhaja.

Sau da yawa tpm.msc zai ce babu TPM alhali yana nan, kashe shi aka yi a BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi. A injinan Intel ana kiransa PTT, a na AMD kuma fTPM. Ka duba kafin ka yanke wa kwamfuta hukunci.

Filashin kansa

Microsoft ta ce 8GB ya isa, amma ka sayi 32GB, domin ban da Windows za ka zuba direbobi da manhajojin ofis. Ka nemi USB 3.0, wanda yawanci cikin bakinsa shuɗi ne. Bambancin gudu tsakaninsa da tsohon USB 2.0 ba ƙarami ba ne idan aka ninka shi sau ashirin. Ka sayi biyu, uku ma idan da hali, don ka riƙa girka wa kwamfutoci biyu ko uku a tare.

Jabun filashi ya yi yawa a kasuwa. Za a rubuta 64GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64GB, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan yana karɓar fayil ba musu, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ya salwanta, kuma ba za ka sani ba sai girki ya kai rabi ya tsaya. Ƙaramar manhajar H2testw tana cika filashi da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Tana ɗaukar lokaci, amma sau ɗaya ake yi. Kuma wannan filashi na girki ne kaɗai. Kada a ba wa masinja ya kai takarda shagon buga takardu da shi, domin daga can ake kwaso ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu.

Sauke ISO sau ɗaya, daga inda ya dace

Daga shafin Microsoft kaɗai za ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda mai ɗauke da duk kayan girka Windows. Windows ɗin da ake yawo da ita wai an rage mata nauyi, ko wadda ta zo da lasisi a buɗe, ba a san abin da aka cusa a cikinta ba, kuma kwamfutar da ke riƙe da takardun albashi da bayanan ma'aikata ba wurin gwaji ba ce.

A shafin akwai Media Creation Tool, wadda ke haɗa filashi kai tsaye. Tana aiki lafiya, sai dai duk lokacin da ka so sabon filashi sai ta sake sauke Windows daga farko. Ga wanda ke sayen data da kuɗinsa wannan asara ce. Ka zaɓi sauke ISO, wanda ya haura 5GB, sababbin fitowa ma sun fi haka, ka ajiye shi a wuri biyu. Mahaɗin da shafin ke ba ka awa 24 kawai yake aiki, don haka ka fara a lokacin da netwok ya fi ƙarfi, kuma a kan laftof mai caji, don kada ɗaukewar wuta ta katse shi. Idan aikin a Zuru ko Kamba za a yi, ka gama duk saukewa kafin ka kama hanya.

Bayan ya sauka ka tabbatar bai gutsure ba. Ka buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash, ka bar sarari, ka sa adireshin fayil ɗin, misali C:\ISO\Win11.iso. Zai fito da dogon layi mai haruffa da lambobi 64. Shafin Microsoft ya jera irin wannan layi ga kowane harshe. Idan naka ya yi daidai da na harshen da ka sauke, fayil ɗin lafiya yake. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, ka goge shi ka sake. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki na minti biyu, sannan su kwana suna zargin kwamfuta.

Rubuta shi da Rufus

Kwafa ISO cikin filashi kamar yadda ake kwafa hoto ba zai sa kwamfuta ta tashi daga kansa ba. Ana bukatar manhaja irin Rufus, kyauta ce, kuma ka sauke sabuwar fitowa daga shafinta. Ka cire duk wani filashi ko faifan waje daga kwamfutar sai wanda za a rubuta, domin Rufus yana share komai a kan abin da aka zaɓa.

A wajen "Device" ka zaɓi filashin, ka danna "Select" ka nuna masa ISO. Wurin da ake yawan kuskure shi ne "Partition scheme". Ga duk kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11 ka zaɓi GPT, "Target system" kuma ya nuna UEFI. MBR na tsofaffin injina ne masu Legacy. Za ka ga Rufus ya zaɓi NTFS da kansa, ka bar shi haka. Dalili shi ne tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, shi kuwa install.wim da ke cikin foldar sources ya wuce haka. Rufus yana magance wannan da ɗan ƙaramin ɓangare da yake ƙirƙira a ƙarshen filashin, wanda ke koya wa UEFI karanta NTFS. Idan daga baya ka ga wannan ɗan ɓangare, kada ka goge shi.

Wanda ya fi son FAT32 zalla yana iya raba fayil ɗin gida biyu da wannan umarni, bayan ya kwafe sauran fayilolin ISO cikin filashin:

dism /Split-Image /ImageFile:D:\sources\install.wim /SWMFile:E:\sources\install.swm /FileSize:3800

A nan D shi ne ISO da aka buɗe, E kuma filashi. Mai girka Windows yana gane gutsattsarin da kansa.

Da ka danna "Start", Rufus zai kawo wasu zaɓuɓɓuka. Zaɓin cire dolen asusun Microsoft da na ƙirƙirar asusun cikin gida suna da amfani ƙwarai a ofis, don kada kwamfutar hukuma ta ɗaure da imel ɗin wani ma'aikaci da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe. Amma ka sani asusun da Rufus ke ƙirƙira ba shi da kalmar sirri sai ka sa masa, kuma zaɓin ya fi tabbata idan ba a jona intanet ba lokacin girki. Akwai kuma na hana BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai da makulli, kulle faifai da kansa. Idan ofishin ba shi da tsarin ajiye makullan BitLocker, ka hana shi yanzu, ka kunna shi daga baya da gangan bayan an tanadi inda za a adana makullin mai lambobi 48.

Zaɓin cire sharaɗin TPM da Secure Boot yana sa Windows 11 ta hau tsohuwar na'ura, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'ura sabuntawa ba. A ganina kada a sa shi a kan babban filashin ofis. Idan dole ne, a haɗa wani filashi daban, a rubuta a jikinsa, kuma shugaban ofis ya san da maganar. Injina na zamanin Core 2 Duo ma ko da wannan dabara Windows 11 daga 24H2 zuwa sama ba ta tashi a kansu. Irinsu, idan buga takarda da shiga intanet ne kawai aikinsu, Linux Mint da LibreOffice sun fi musu.

Idan kana son filashi ɗaya ya ɗauki Windows da Linux da Clonezilla (manhajar kwafar faifai gaba ɗaya) a tare, Ventoy ne maganinsa: ana girka shi a filashi sau ɗaya, sai a riƙa zuba fayilolin ISO kai tsaye. A na'ura mai Secure Boot, karon farko zai nuna shuɗin allo yana neman a yi rajistar makullinsa.

Abin da ake ƙarawa a cikin filashin

Direbobi su ne kan gaba, musamman na netwok, domin kwamfutar da ta gama girki ba ta ganin Wi-Fi ba ta da hanyar sauke komai. Kafin ka share kowane samfuri, ka kwashe direbobin da ke aiki a kansa. Ka ƙirƙiri folda a filashi, ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta:

dism /online /export-driver /destination:E:\Direbobi\OptiPlex7060

Kowane samfuri da foldarsa. Bayan girki ana mayar da su duka da umarni ɗaya:

pnputil /add-driver E:\Direbobi\OptiPlex7060\*.inf /subdirs /install

Sai maganar Home da Pro. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da lambar lasisi a binne cikin BIOS. Idan ta Home ce, mai girki zai zaɓi Home bai tambaye ka ba, ita kuwa Home ba ta shiga domain kuma ba ta da Group Policy, wato hanyoyin sarrafa kwamfutocin ofis da sa musu dokoki. Don ya riƙa nuna maka jerin zaɓi, ka ƙirƙiri fayil mai suna ei.cfg a cikin foldar sources. Layi biyu ne kawai: na farko kalmar Channel a cikin baka mai kusurwa, na biyu kalmar Retail. Wajen ajiyewa a Notepad ka zaɓi "All files", in ba haka ba zai zama ei.cfg.txt kuma ba zai yi aiki ba. Wannan zaɓi kawai yake buɗewa, ba ya ba da lasisi. Na'ura mai lasisin Home da aka sa wa Pro tana bukatar a saya mata na Pro. Manhajojin fasa lasisi kuwa, waɗanda sai an kashe Defender kafin su yi aiki, ba su da wuri a kwamfutar ofis.

Ka ƙara folda ta manhajoji masu girkuwa ba tare da intanet ba: burauza, mai karanta PDF, direban firinta da na sikana, da Office gwargwadon lasisin da ofishin ya mallaka. Ka sauke sabuntawar wata ta ƙarshe daga Microsoft Update Catalog sau ɗaya, duk fayilolin da shafin ya jero mata, maimakon kwamfuta ashirin kowace ta ja tata ta MiFi ɗaya.

Kafin a share komai

Ka zauna da mai kwamfutar. "Malam, ina kake ajiye aikinka?" Zai ce Documents, amma ka duba Desktop, Downloads, ɓangaren D, da fayilolin Outlook masu ƙarewa da .pst. Ka tambaya ko akwai manhajar lissafi ko ta albashi mai ajiye bayananta a wani lungu, da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe masa har ya manta su. Ka rubuta manage-bde -status don ganin ko faifan a kulle yake da BitLocker. Ka kwashe komai a faifan waje, sannan ka buɗe fayiloli kaɗan daga can a gabansa, ya gani da idonsa kafin ka ci gaba.

Kwamfutar gwaji

Ka ɗauki ɗaya daga samfurin da ya fi yawa a ofishin. Ka jona ta a UPS ko layin sola, domin wuta idan ta ɗauke a tsakiyar girki sai an sake daga farko, idan kuma a tsakiyar sabunta BIOS ne, babban allon cikin na'urar (motherboard) na iya mutuwa gaba ɗaya. Ka sa filashi a ramin baya. Ramukan gaba a kan waya suke, kuma su suka fi shan ƙurar hunturu da jijjiga. Tunda ka zagaya bayan, ka buɗe murfin ka duba: za ka tarar da ƙura ta yi kauri a kan fanka da tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya firosesa. Ka hure ta. Girka Windows yana sa firosesa aiki sosai, kuma a zafin Maris da Afrilu na'ura mai toshewar fanka tana iya kashe kanta ana tsaka da aiki.

Maɓallin zaɓen inda za a tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Na shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkCentre da ThinkPad. Ka fara dannawa da zarar ka kunna. Idan sunan filashin ya fito sau biyu, ka zaɓi mai UEFI a gabansa. A cikin BIOS ka duba kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, batirin CR2032 da ke kan motherboard ya mutu, kuma kwanan wata maras daidai yana hana lasisi tabbatuwa, yana sa shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa. Ka riƙa yawo da 'yan batura a jaka.

A allon zaɓen faifai ne matsaloli suka fi taruwa. Idan ya ce ba za a iya girkawa ba saboda faifan MBR ne, ka danna Shift da F10, baƙin allo zai buɗe. Ka rubuta diskpart, sannan list disk. Ka tsaya ka karanta girman kowane: mai 238GB shi ne SSD ɗin 256, mai 28 ko 29GB filashinka ne. Ka rubuta select disk 0 idan shi ne na ciki, sannan clean, sannan convert gpt, sannan exit. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma idan lambar filashi ka zaɓa, shi zai share. Na'ura mai faifai biyu kuma, gara ka zare wayar na biyun kafin girki, don kada Windows ta ajiye fayilolin tashi a kansa.

Idan allon bai nuna faifai ko ɗaya ba, galibi ba lalacewa ya yi ba. Injinan Intel daga zubi na 11 suna zuwa da VMD a kunne, Dell da yawa kuma suna kan "RAID On". Ko dai ka mayar da shi AHCI a BIOS, ko ka danna "Load driver" ka nuna masa direban Intel RST da ka tanada a filashi. Idan kuwa kwafi ya tsaya da lamba 0x8007025D ko 0x80070570, bayanai ne ke lalacewa a hanya: ka canza rami, ka gwada filashi na biyu, idan ya ci gaba a wannan na'ura kaɗai ka zare RAM ka goge bakinsa ka mayar, ko ka gwada da guda ɗaya. Lokacin da kwamfuta ta sake tashi karon farko ka zare filashin, don kada ta koma farkon girki.

Bayan ta hau, ka sa yankin lokaci a West Central Africa, ƙasa Najeriya, takarda A4 a firinta. Ka ƙara allon rubutun Hausa da ke cikin Windows domin masu buga ƙ da ɗ da ɓ. Ka ba na'urar suna mai ma'ana, kamar BK-AKANTA-01, kuma ma'aikaci ya yi aiki da asusu na talakawa, na mai gudanarwa ya zauna a hannunka. Ka buɗe Device Manager, kada ka bar alamar rawaya ko ɗaya. Sannan ka bar mai kwamfutar ya yi cikakken aikin yini da ita: ya buga takarda, ya yi sikanin, ya shiga shafukan da yake aiki da su. Duk abin da ya ɓace, a filashi za ka gyara shi, ba a wannan na'ura kaɗai ba.

Idan kwamfutocin suna da yawa

Daga goma zuwa sama, amsa tambayoyi iri ɗaya a kowane allo ɓata lokaci ne. Fayil mai suna autounattend.xml, idan aka ajiye shi a farkon filashi ba cikin folda ba, yana amsa harshe, yanki da asusu da kansa. Ana rubuta shi da Windows System Image Manager da ke cikin Windows ADK. Shawarata ita ce kada ka sa shi ya zaɓi faifai da kansa, domin filashin da ke share faifai ba tambaya, ranar da aka manta shi a jikin kwamfutar da ba ta cikin lissafi, ya gama da ita.

Ga ɗaki mai injina iri ɗaya, kamar cibiyar jarrabawa ta kwamfuta ko ɗakin koyarwa, ɗaukar hoton faifai, wato cikakken kwafinsa, ya fi sauri. A allon farko na saiti ka danna Ctrl, Shift da F3 tare, ka shiga yanayin shiri, ka girka direbobi da manhajoji, sannan ka rubuta:

C:\Windows\System32\Sysprep\sysprep.exe /generalize /oobe /shutdown

Wannan yana cire shaidar da ta keɓanta da na'urar don kada duk kwamfutocin su fito da shaida ɗaya. Yana ƙin aiki idan BitLocker a kunne yake, ko idan manhajojin Store sun sabunta kansu, don haka ka yi shirin ba intanet. Bayan ta mutu kada ka bari ta tashi cikin Windows. Ka tashe ta daga filashin Clonezilla, ka ɗauki hoton zuwa faifan waje, ka riƙa zuba shi a sauran. Ka gina hoton a kan mafi ƙanƙantar faifai, domin Clonezilla ba ya zuba hoton babban faifai a ƙarami. Izinin girka wa injina da hoto ɗaya kuma yana tafiya ne da lasisin kamfani na Microsoft, ka duba takardun ofishin kafin ka bi wannan hanya.

A jikin kowane filashi ka manna takarda mai ɗauke da fitowar Windows, GPT ko MBR, da ranar haɗawa. Windows 11 tana samun babbar fitowa sau ɗaya a shekara, kuma Pro wata 24 ake tallafa wa kowace fitowa, don haka idan sabuwa ta zo ka sauke ISO ɗinta, ka sake rubuta filashin, ka mayar da foldar direbobi da ei.cfg daga kwafin da ka ajiye a faifan waje.